Keke Mai Ƙafa Ɗaya A Cikin Cunkoson Birni

Wanda duk ya sami zuwa manyan biranen Turai ko na Amurka a 'yan shekarun nan, ko kuwa ya ga hotunansu, ba ya rasa cin karo da wani abin mamaki a kan titi. Sai ka hangi mutum tsaye ƙyam, hannuwansa a sake, yana shuɗewa tsakanin motoci kamar iska ce ke ɗauke da shi. Sai ka dubi ƙasa sa'an nan ka ga ashe wata taya ce guda ɗaya tak a tsakanin ƙafafunsa, ya taka waɗansu 'yan fedoji biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Yawancinsu ba su da sirdi, ba su da abin riƙewa, ba su kuma da birkin da a ke matsawa da hannu. Wannan shi ne keken lantarki mai ƙafa ɗaya. A kansa mu ke so mu yi magana yau, gama gardama ta kaure a kansa a ƙasashe da yawa, waɗansu suna cewa a hana shi hawa titi, waɗansu kuwa suna cewa a ƙyale shi.

Wani mai ƙirƙira, Shane Chen, haifaffen ƙasar Sin mazaunin jihar Washington ta Amurka, shi ya fito da irin wanda ya fara shiga kasuwa sosai, ya sa masa suna Solowheel, cikin 2011. Wancan na fari ɗan ƙarami ne, mutum na iya ɗaukarsa da hannu ɗaya, gudunsa kuwa wajen mil 10 ne a awa. Daga baya kamfanonin ƙasar Sin, irin su InMotion da King Song da Begode, suka karɓe sana'ar, suka shiga gasar wa zai fi wani gudu da nisan zango. Yau akwai waɗanda nauyinsu ya kai kilo 35 zuwa 50, suna kuma gudun kilomita 70 a awa, har da waɗanda suka wuce haka. Watau suna ɗaya ne, amma abin da a ke kira da sunan ya tashi daga jaki ya koma ingarma. Rabin rigimar daga nan ta samo asali.

Mu dai ba mu goyi bayan a hana shi ɗungum ba. Abin hawa ne da ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, ba ya cin wurin ajiya. Akawu na iya hawansa daga gida, in ya isa ofis ya tura shi ƙarƙashin tebur. Birnin da motoci suka shaƙe, ko wane mutum ɗaya da ya bar motarsa a gida ya hau wannan ya rage wa jama'a wahala. Amma fa muna da sharaɗi, kuma sharaɗin a kan mahayi ya ke tun kafin ya kai kan hukuma. Mahayin wannan keke yana tsakanin ƙarfi biyu ne. A cikin motoci shi ne mai rauni, a cikin masu tafiya ƙasa kuwa shi ne mai ƙarfi. Sassaucin da ya ke roƙon direban bas ya yi masa, bashi ne a kansa ya biya shi ga tsohuwar da ke ƙetare titi da sanda. Hanyar biyan kuwa ɗaya ce, ita ce ya riƙa barin rara, rarar gudu da rarar wuri. Za mu nuna cewa wannan rara ita ce kuma ke tsare ransa shi kansa.

Sai an san yadda abin ke aiki kafin a gane wannan magana. Kowa ya taɓa ganin yaro ya ɗora kara a tsaye bisa tafin hannunsa yana tafiya da shi. In karan ya karkata gaba, sai yaron ya yi maza ya kai hannunsa gaba ya shiga ƙarƙashinsa. In ya karkata baya, ya janye hannun baya. To, mahayi shi ne karan, tayar kuwa ita ce hannun yaron. A cikinta akwai 'yan na'urori masu jin karkata, suna aunawa sau ɗaruruwa cikin sakan ɗaya, suna gaya wa injin da ke cikin cibiyar tayar abin da zai yi. In mahayi ya jingina gaba, inji ya ƙara gudu don ya taro shi. In ya jingina baya, inji ya rage gudu, wannan shi ne birkin. Daidaiton dama da hagu kuwa na mahayi ne, kamar dai na mai keke.

A lura da kyau a nan, don a nan haɗarin ya ke. Ƙarfin da ke tafiyar da keken, da wanda ke tsayar da shi, da wanda ke riƙe da mutum kada ya faɗi, duka daga rijiya ɗaya a ke ɗibarsu, watau inji da batir. Ko wane inji na lantarki, gwargwadon yadda ya ke ƙara saurin juyawa, gwargwadon yadda ƙarfin da ya rage masa ke raguwa. Mutumin da ke gudu kusa da iyakar injinsa ya riga ya kashe kusan duk abin da ke cikin rijiyar a kan gudu. Ya taka rami, ko iska ta buge shi, ko ya ƙara jinginawa kaɗan don ya riga wata mota shan kwana, sai inji ya nemi ƙarfin taro shi ya rasa. Mota in injinta ya mutu, ta gangara ta tsaya. Keke in sarƙarsa ta tsinke, mahayi na zaune bisa sirdi da birki a hannu. Wannan kuwa in ƙarfinsa ya ƙare, fuskar mutum ce ke fara isa kwalta.

Maƙeran sun san da haka, shi ya sa suka sa masa gargaɗi iri biyu. Yana yin ƙara kamar tsuwwa in an matsa masa, yana kuma ɗaga gaban fedoji sama don ya mai da mahayi baya. Abin takaici, akwai samarin da ke shiga cikin wayar hannu su kashe wannan gargaɗi, wai yana hana su sakewa. Akwai kuma waɗanda hular kwano da iska da kiɗan da suka toshe kunne da shi ke hana su jin tsuwwar. Har wa yau, batir in ya yi ƙasa, ko in sanyi ya yi tsanani, ba ya ba da ƙarfin da ya saba bayarwa, saboda haka gudun da ya ke lafiya da safe yana iya zama ajali da yamma a hanyar komawa gida. Akwai ma wani abu da sabon mahayi ba ya zato. Sa'ad da a ke taka birki, inji na mai da wuta cikin batir ne. Wanda ya cika batirinsa maƙil, ya fito ya kama doguwar gangara yana birki, wutar ba ta da wurin shiga, keken sai ya shiga yi masa gargaɗi. Mai gida a kan tudu ya san da wannan tun kafin ya fita.

Yanzu bari mu ɗan yi lissafi, malamai na iya ɗora shi a allo ga 'yan babban aji. Mai gudun kilomita 25 a awa, watau wajen mil 15 da rabi, yana cin wajen mita 7 ko wane sakan. Tsakanin ido ya ga yaro ya faɗo titi da jiki ya fara jinginawa baya, a ƙalla wajen sakan guda ya wuce. Mita 7 ke nan sun tafi ba a fara birki ba. A kilomita 50, mita 14. Sa'an nan nisan birkin kansa ba ninki biyu ya ke yi ba in an ninka gudu, ninki huɗu ya ke yi. Haka kuma ƙarfin karo. Wanda ya bugi abu tsayayye a kan kilomita 25, kamar ya faɗo ne daga tsawon mita 2 da rabi, misalin kan katanga. A kan kilomita 50 kuwa, kamar ya faɗo daga wajen mita 10 ne, misalin saman bene mai hawa uku. Mun sha ganin ɗalibai a kwalejin horon malamai suna cin wannan lissafi a jarrabawa, in sun hau babur kuma su manta da shi sarai. Ilmin da bai sauko daga allo ya shiga wuyan hannu da ƙafa ba, da sauransa tukuna.

Saboda wannan lissafi ne mu ke ganin Faransa ta fi kusa da daidai cikin ƙasashen da suka yi doka. A watan Oktoba 2019 ta shigar da irin waɗannan ababan hawa cikin dokar hanya. Ta ce kada gudunsu ya wuce kilomita 25 a awa. Ta ce a cikin gari su bi hanyar keke in akwai, in babu su bi titin da iyakar gudunsa bai wuce kilomita 50 ba. Ta hana hawa a gefen titi inda aka keɓe wa masu tafiya ƙasa, sai inda magajin gari ya yarda, tarar kuwa Yuro 135 ce. Wanda aka kama da abin hawan da ke iya wuce iyakar gudu, tararsa na iya kai Yuro 1,500. Ta hana goyo, ta hana toshe kunne da abin jin kiɗa, dole kuma mahayi ya yi inshora don ya iya biyan wanda ya ji wa ciwo. Da fari an yarda wa ɗan shekara 12 ya hau, amma cikin Satumba 2023 aka mai da shi 14.

Jamus ta bi wata hanya. Dokarta ta Yuni 2019 ta ce sai abin hawa yana da sandar riƙewa kafin ya hau titin jama'a, wannan kuwa ya fitar da mai ƙafa ɗaya waje tun daga ƙofa. A Ingila ma wanda ya sayi nasa ba shi da iznin hawansa a titi ko a gefen titi, sai a filin wani da yardar mai filin. Har wata tsohuwar doka ta 1835, wadda aka yi don dawaki da kekunan doki, da ita a ke kafa hujja a kan hawa gefen titi. Amma kantuna na sayarwa, mutane na saye, suna hawa. Wannan shi ne aibin hani. Mutumin da doka ta ce ba shi da wuri a titi ba ya da inshora, ba wanda zai koya masa ƙa'ida, in ya buge wani kuma gudu zai yi, tun da tsayawa tona wa kansa asiri ne. Ingila kuwa ta taɓa yin irin wannan. Cikin 1865 ta yi dokar da ta ce abin hawa mai inji kada ya wuce mil 2 a awa cikin gari, mil 4 a bayan gari, sai kuma wani mutum ya riƙa tafiya a gabansa da jar tuta. Sai 1896 aka sassauta wa ƙananan motoci. Tuta ba ta hana mota zuwa ba.

To, amma kada mahaya su ji mun faɗi haka su ɗauka hukuma ce kaɗai mai laifi. Su dubi abin da ya faru a Singafo. A can da fari an bar waɗannan ababan hawa su bi hanyar masu tafiya ƙasa, da sharaɗin tafiya sannu. Mahaya da yawa ba su kiyaye ba, ƙorafi ya yi yawa, mutane na jin ciwo. Cikin Satumba 2019 wani mai sikuta, watau ɗan'uwan wannan keke mai taya biyu da sandar riƙewa, ya buge wata dattijuwa mai shekara 65 tana bisa kekenta, ta rasu. Ran 5 ga Nuwamba na wannan shekara gwamnati ta kori sikuta daga hanyar masu tafiya ƙasa, cikin Afrilu 2020 kuma hanin ya haɗa da mai ƙafa ɗaya. Tun da yake dama ba a yarda musu hawa titin mota ba, sai hanyoyin keke kaɗai suka rage musu. Masu kai wa mutane abinci gida-gida, waɗanda da wannan sana'a su ke ci da iyali, su suka fi jin jiki, alhali da yawansu ba su taɓa buge kowa ba. A Paris ma, ran 2 ga Afrilu 2023, aka yi ƙuri'a a kan sikutocin haya, wajen kashi 89 cikin 100 na waɗanda suka jefa suka ce a kawar da su. Waɗanda suka fito ba su kai kashi 8 cikin 100 na masu rajista ba, amma waɗanda aka ɓata wa rai su ne suka fito, kuma ran 1 ga Satumba sikutocin hayar suka bar gari. Mu nan ma ba baƙon labari ba ne. Gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a sassa da yawa na birnin cikin 2020, ta sake jaddadawa cikin 2022, dalilan da ta bayar kuwa har da yawan haɗari da ƙin bin dokar hanya. Wake ɗaya ke ɓata gari, hukuma kuwa in ta tashi zubarwa ba ta tsayawa tsince waken.

Akwai hujjar da ƙwararrun mahaya ke kawowa, ba kuwa hujjar banza ba ce. Suna cewa wanda ke tafiyar kilomita 25 a titin da motoci ke yin 50, kullum a cikin wucewa a ke yi masa, ko wace mota ta gifta ta gefen kafaɗarsa, saboda haka gara ya yi gudu daidai da su ya zauna tsakiyar layi. Mun yarda yawan wucewa haɗari ne. Amma maganinsa a canja titi. Mai babur da ke gudun 50 yana da taya biyu, da birki biyu waɗanda ba su dogara ga batir ba, da lamba, da lasisin da ya nuna an gwada shi. Wanda ya ke so ya yi gudun babur, to, ya yarda a ɗora masa sharuɗɗan babur. Ba ya yiwuwa mutum ya zama babur a kan titi, in ya ga danja ta yi ja kuma ya haye gefe ya zama mai tafiya ƙasa. Wannan hali na jemage, ba ka cikin tsuntsaye ba ka cikin dabbobi, shi ya fi kome jawo wa mahaya baƙin jini wurin direbobi da masu tafiya ƙasa gaba ɗaya.

Cikin motoci, abin da mahayi zai riƙe a ransa shi ne direba bai san shi ba. Idon direba ya saba da cewa mutumin da ke tsaye a miƙe, ba keke a ƙarƙashinsa, mai tafiya ƙasa ne, gudunsa bai wuce kilomita 5 ba. Ya hango ka daga nesa, ya auna cewa zai shige mararraba kafin ka iso, ashe kana tafe da ninki biyar na abin da ya zata. Don haka ko wace mararraba a rage gudu, a nemi idon direba, kada a shiga sai an tabbata ya gani. Kada a kutsa ta gefen babbar mota ko bas a inda za ta iya shan kwana, gama akwai wuraren da madubinta ba ya nunawa, kuma tayoyinta na baya suna yanke kwana fiye da na gaba. A bar tazarar kamar mita ɗaya daga motocin da ke ajiye, don ƙofa na buɗewa ba sallama. Tun da hannuwa a sake su ke, ba mahayin da ke da uzurin ƙin ba da hannu kafin ya juya. Fitilar keken tana ƙasa kusa da kwalta, mota ɗaya ta isa ta rufe ta, saboda haka da dare a ƙara wata a hula ko a ƙirji, a sa riga mai ƙyalli. Idanu kuma su riƙa karanta ƙasa: rami, yashi, murfin kwalbati na ƙarfe, farin fenti bayan ruwan sama, da layin dogon jirgin cikin gari. Mai taya biyu in ɗaya ta zame yana da sauran ɗaya.

Dokar Faransa ta 2019 ba ta tilasta hular kwano cikin gari ba. A nan mun saɓa da ita. Tun da faɗuwar wannan keke ta gaba ce, hular da ta dace ita ce mai rufe haɓa, tare da abin tsare wuyan hannu da na gwiwa, domin tafin hannu ne mutum ke fara kai wa ƙasa.

Mun daɗe a kan motoci, amma inda a ke gane tarbiyyar mahayi shi ne cikin masu tafiya ƙasa. Cikin Janairu 2022 Ingila ta gyara ƙa'idodinta na hanya, ta jera masu amfani da titi bisa ga wanda ya fi iya cutar da wani, ta ce shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa: direban babbar mota ya fi na ƙaramar mota, na ƙaramar mota ya fi mai keke, mai keke ya fi mai tafiya ƙasa. Wannan magana ba sabuwa ba ce ga wanda ya tashi a inda mai doki ke jan linzami in ya iso taron mutane. Mahayin ƙafa ɗaya ya tuna cewa abin hawansa shiru ya ke tafiya. Kurma ba ya jinsa, makaho ba ya ganinsa ba ya kuma jinsa, tsoho in ya firgita yana iya faɗuwa ya karye a ƙugu ko da ba a taɓa shi ba, karayar ƙugu kuwa ga tsoho ba ƙaramin al'amari ba ne. Shi mahayi yana ganin ya wuce da gwaninta, ya bar tazarar taƙi guda, bai shafi kowa ba. Wadda ya wuce ta kusa da ita kuwa, da goyo a bayanta, ta tsaya riƙe da ƙirji, kuma ranar ƙuri'a za ta fito.

Saboda haka a wurin da aka haɗa hanya da masu tafiya ƙasa, a sauko da gudu zuwa irin nasu, a yi magana ko a kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ba sai an zo bayan kunnen mutum ba. A wuce yaro da kare kamar an tabbata za su yi tsalle su shiga gaba. In taro ya yi kauri, kamar bakin kasuwa ko ƙofar makaranta sa'ad da aka tashi, a sauka. Kusan ko wane ɗaya daga cikin kekunan nan yana da wani hannu da a ke zarowa a tura shi kamar akwatin tafiya. Saukar ba ta cin rabin minti. Akwai kuma dalilin da ya sa mu ke cewa a sauka tun da wuri. Cikin Satumba 2010 Jimi Heselden, attajirin Ingila wanda ya mallaki kamfanin Segway, mai yin wani abin hawa mai taya biyu da ke daidaita kansa ta irin wannan dabara, ya faɗa daga kan wani gaɓa zuwa kogin Wharfe a Yorkshire bisa irin abin hawan, ya rasu. Binciken da aka yi ya nuna ga alama baya ya ke ja don ya ba wani mai yawo da kare hanya. Niyyarsa ta kirki ce, Allah ya sani. Amma ba da hanya a ƙurarren wuri, a ƙurarren lokaci, bisa abin da ke neman daidaito, ya fi ƙarfin kyakkyawar niyya. Da ƙafa biyu a ƙasa a ke yinsa.

Har bayan an iso gida haƙƙin maƙwabci bai ƙare ba. Batirin manyan kekunan nan ya ninka na kwamfutar hannu sau da yawa, in kuwa ya kama wuta, wutar na tashi farat ɗaya da hayaƙi mai guba, ba ta kuma kasuwa da sauƙi. 'Yan kwana-kwana na New York sun ƙidaya gobara 268 daga irin wannan batir cikin 2023, mutum 18 suka rasu, yawanci daga kekuna da baburan lantarki. A London, bayan wata sikuta ta kama wuta cikin jirgin ƙasa a tashar Parsons Green cikin Nuwamba 2021, hukumar sufurin birnin ta hana shiga jiragenta da bas-bas da sikuta ko mai ƙafa ɗaya tun daga 13 ga Disamba na wannan shekara. Kada a yi caji ana barci, kada a yi shi a zaure ko a bakin matakala inda mutane za su bi su tsira, kada a yi da abin cajin da ba nasa ba. Keken da ya sha mugun kaye ko ya nutse a ruwa, a kai wa masani ya duba batirin kafin a sake sa masa wuta.

Abin da ya rage, wanda dokokin da muka ambata ba su ba shi haƙƙinsa ba, shi ne koyarwa. Mutum ya sayi keken ta intanet, a kawo masa a kwali, ya yi kwana uku yana dafa bango, ran na huɗu ya ga ya iya tafiya miƙe sai ya faɗa titi. Tafiya miƙe kuwa ita ce mafi sauƙin abin da ke cikin hawan, gama gudu da kansa na taimakon daidaito. Ingila ta fara gwajin ƙwarewar hawan keke ga yara cikin 1947, ta mai da shi shirin ƙasa duka cikin 1958, cikin 2007 kuma ta sabunta shi da sunan Bikeability. A Holan 'yan firamare na manyan azuzuwa suna yin jarrabawar hanya, a rubuce da kuma bisa keke. Abin da aka iya shirya wa yaro da kekensa, ba zai gagara ga baligi da injin kilo 40 ba, ko da ƙungiyoyin mahayan da kantunan da ke sayarwa ne za su fara da kansu kafin hukuma ta farga.

Gwajin da mu ke so ba mai tsawo ba ne, filin makaranta da alli sun isa. A ja layi, mutum ya taho da gudun kilomita 20, a ɗaga masa hannu ba zato, ya tsaya kafin layin, ya sauke ƙafa ɗaya, keken kuma bai kuɓuce masa ya gangara kan ƙaurin wani ba. Ya yi tafiyar mita 50 kusa da mai tafiya ƙasa ba tare da ya wuce shi ba. Ya waiwaya ta kafaɗar dama da ta hagu, ya faɗi yatsu nawa aka ɗaga masa a baya, bai kauce daga layinsa ba. Ya haye ɗan katako mai kaurin yatsa biyu gwiwoyinsa a sake. Daga ƙarshe a tambaye shi ma'anar ko wace tsuwwa da kekensa ke yi, da gudun da ta ke farawa in batir ya rage kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, a ba shi mako biyu ya koma fili, sa'an nan ya sake zuwa.